Yanda zaka sa ordinater ta tantance maka namun dajin da ke cikin hotunanka

Salamu alaikum ƴan uwa na Damagaram da kewaye. Wannan bayanin na ɗaliban jami'ar André Salifou ne masu aikin ƙarshen karatu kan namun daji, da ma'aikatan gandun daji, da duk wanda hotunan dabbobi suka taru mishi a memwar har sun fi ƙarfin idonshi. Tambayar da ake yawan yi ita ce wai da gaske akwai manhajar da zaka zuba mata hoto dubu ashirin ka tafi ka sha shayi ka dawo ka tarar ta rubuta maka wannan barewa ce wannan dila ne? Akwai, kuma kyauta ce, amma in ka ɗauki duk abun da ta faɗa ka zuba a rahoto ba tare da ka bincike ta ba, wallahi zaka ƙirga awakin mutane a matsayin barewa. Gwana ce wajen tsince hotunan banza, wato waɗanda babu dabba cikinsu, wajen sanin dabbobin dajinmu kuwa har yanzu da saura, kuma duk tsarin da zan bayar a nan akan wannan bambancin ya zauna.

Yanda abun yake aiki a taƙaice: ba wanda ya zauna ya rubuta ma na'urar cewa barewa tana da ƙaho kaza da wutsiya kaza. Hotuna ake nuna mata masu ɗimbin yawa waɗanda mutane suka riga suka sa ma suna, ta yi hasashe, in ta kuskure a ɗan gyara lissafin da ke cikinta, a sake, har ta kai inda in ta ga sabon hoto zata ce wannan yafi kama da kaza, ta haɗa da maki tsakanin 0 da 1. Abun da ya fito daga wannan horon shi ake kira model. Toh ka riƙe wannan: model bai san komai ba sai irin abun da aka nuna mishi. A dajin Serengeti na Tanzaniya an kafa kamara 225, ƴan sa kai suka sa ma hotuna suna ta intanet, a 2018 masu bincike suka horar da na'ura da hoto miliyan 3.2 na dabbobi iri 48 ta kai daidaito kashi 96.6 cikin ɗari a hotunan da ta tabbata da amsarsu, daidai da na mutanen. Abun sha'awa ne, amma fa hotunan Serengeti ne aka jarraba da hotunan Serengeti. A wannan shekarar dai Sara Beery da abokan aikinta sun nuna cewa da zaran an kai model wurin da bai taɓa gani ba sai ƙoƙarinshi ya faɗi sosai. Mu kuma dabbobin da suka fi damunmu, adaks (dabbar hamada mai murɗaɗɗun ƙaho) da mena (babbar barewa mai fari da ja) da ragon dutse na Termit, su ne waɗanda hotunansu suka fi ƙaranci a duniya, tunda binciken da aka yi a 2016 adaks 3 kacal ya gani a yankin.

Fara daga kamarar, ba daga ordinater ba

Rabin wahalar da mutane ke sha gaban ordinater tun a daji suka jawo ta. Kamarar tarko tana tashi ne in ta ji abu mai ɗumi ya motsa gabanta, wato bambancin zafin jikin dabba da zafin wurin take ji. Ka ga matsalarmu kenan, a watan Afrilu da Mayu da rana tsaka ƙasa tafi jikin dabbar zafi, wani sa'in dabba ta wuce kamara bata tashi ba, wani sa'in kuma iska ta kaɗa busasshiyar ciyawa da ta sha rana kamara ta yi ta ɗauka har memwar ta cika da hoton ciyawa ɗaya. Don haka ka share ciyawa da rassan da ke gaban kamarar kamar taku uku zuwa huɗu, ka juyar da fuskarta arewa ko kudu don kar fitowar rana da faɗuwarta su wanke hoton, ka ɗaure ta daidai gwiwa in barewa da dila da yanyawa kake nema. Ka sa ta ɗauki hoto 3 a jere duk lokacin da ta tashi, saboda sau da yawa na farko hanci ne kawai na uku kuma wutsiya, na tsakiyan ne mai amfani. Lokacin hazo da ƙura ka dinga goge gilashin duk sanda ka je canza pil.

Agogon kamarar kuma dan Allah ka saita shi, kwanan wata da awa, kuma ka sake dubawa bayan ka canza pil don wasu suna komawa tsohuwar shekara. Hoton da bashi da lokacin gaskiya ba zaka iya cewa dabbar dare ce ko ta rana ba, ba kuma zaka iya ƙirga ziyara ba. Wata ƴar dabara mai sauƙi: ranar da ka kafa, ka rubuta lambar kamarar da kwanan wata a takarda ka tsaya gabanta ta ɗauke ka, haka ma ranar kwancewa.

Shirya dosiye

Wannan ba daɗi gare shi ba amma shi ke cetonka daga baya. Kowace kamara da dosiyenta, cikin kowace kamara kuma kowane zuwa da nashi, misali Kutus, sai K01, sai 2025-02. Kar ka haɗa hotunan kamara biyu wuri guda saboda duk suna fara lamba daga 0001, ɗaya zai hau kan ɗaya ya goge shi baka sani ba. Kar ka bi da hotunan ta WhatsApp, yana matse su ya kuma cire bayanan da ke ɓoye cikin hoton harda lokacin ɗauka. Kile ko diski zaka yi amfani da shi. Kwafi biyu, ɗaya a ajiye kar a taɓa shi sam. A gefe ka buɗe tebur a Excel, layi ɗaya ga kowace kamara: inda take, ranar kafawa, ranar kwancewa, tsayinta, akwai ruwa ko hanyar shanu kusa ko babu.

Sai ka rubuta jerin dabbobin da zasu iya fitowa a wurin, da sunan Hausa da na kimiyya gefe da gefe, tunda manhajojin nan basu jin Hausa kuma mu kanmu suna ɗaya muke ba dabbobi da yawa. Barewa a bakinmu tana iya zama Gazella dorcas ta arewa ko Eudorcas rufifrons mai jan goshi. Yanyawa tana iya zama Vulpes zerda mai manyan kunnuwa, ko Vulpes pallida, ko Vulpes rueppellii, kuma duka ukun akwai su a Termit. Dilanmu ma da ana sa shi cikin Canis aureus, bayan binciken jini na 2015 aka raba shi, yanzu zaka fi ganin Canis lupaster, tsofaffin manhajoji kuma suna nan da tsohon suna. Kar ka manta da dabbobin gida a jerin: akuya, tunkiya, raƙumi, jaki, saniya, kare. A mafi yawan wuraren namu su ne zasu cika hotunan.

Matakin da na'ura ta fi iyawa: tsince hoton banza

Ko a Serengeti mai tarin dabbobi, wajen kashi uku cikin huɗu na hotunan babu komai cikinsu. Abun da ke wannan aikin sunanshi MegaDetector, an fara shi a Microsoft, Dan Morris da Sara Beery suna cikin waɗanda suka gina shi. Shi bai damu da wace dabba bace, abu uku kawai yake nema, dabba, mutum, mota, in ya gani ya zana ɗan akwati a kai ya ba da maki. Wannan rashin kwaɗayin nashi shi yasa yake aiki kusan ko'ina, don gane cewa akwai wani abu mai rai a hoton ya fi sauƙi nesa ba kusa ba akan faɗin sunanshi.

Ba sai ka iya rubuta kod ba. Akwai manhaja kyauta mai suna AddaxAI, da can EcoAssist ake kiranta, Peter van Lunteren ne ya yi ta, tana hawa Windows da Mac da Linux, MegaDetector na cikinta. Sauke ta yana cin mega sosai, ka nemi inda akwai wifi mai ƙarfi ko ka jira dare lokacin da rezo yake sakewa, amma da zaran ta sauka tare da model ɗinta shikenan bata ƙara neman intanet, hotunanka basa barin ordinater ɗinka. In mutum ɗaya ya samu ya taimaka ma sauran. Ka buɗe ta, ka nuna mata babban dosiyen, ka ce ta shiga har ƙananan da ke ciki, ka danna ta fara.

Maganar gudu: in ordinater ɗin tana da katin zane na Nvidia aikin yana tafiya da sauri ƙwarai, in kuma irin namu ne na ɗalibai toh kowane hoto sai ya ci ƴan daƙiƙu. Yi lissafi da kanka, a ce hoto 20,000 kowane daƙiƙa 3, kusan awa 17 kenan. Da yanayin wutarmu da zafin ɗaki kar ka zuba duka lokaci guda, ka bata kamara ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu, da dare, ka ɗaga ordinater ɗin iska ta dinga shiga ƙarƙashinta, ka hana ta yin barci.

In ta gama zata bar maka wani fayil mai ɗauke da sakamakon kowane hoto. Yanzu sai maganar shinge, wato daga maki nawa zaka yarda cewa akwai dabba. Ga MegaDetector na 5 mutane da yawa suna farawa daga 0.2. In ka ɗaga shingen zuwa sama, hotunan banza zasu ragu amma zaka yar da dabbar da ke nesa ko wadda duhu ya rufe. In ka saukar da shi zaka kama kusan komai harda duwatsu da kututture. Ni a ganina a dajinmu gara a saukar, domin duba hoton dutse ɗari ɓata minti kaɗan ne, amma mena guda da ta wuce can ƙarshen hoto in ka yar da ita watakila ita ce kawai ta shekarar. Kuma zaka lura wani dutse ko guntun itace yana fitowa a matsayin dabba a wuri ɗaya cikin hoto ɗari biyar, wannan sanannen abu ne, da ka gane shi sai ka share su gaba ɗaya.

Abun da bana so ka tsallake: ɗauki hoto 300 zuwa 500 barkatai daga cikin waɗanda ta ce babu komai, ka duba su da idonka ɗaya bayan ɗaya. In baka samu dabba ko ɗaya ba, madalla. In ka samu da dama, duba me suka haɗa, ƙananan tsuntsaye ne, hoton dare ne, kamara ɗaya ce mai ƙura? Sai ka saukar da shingen ka sake. Kuma kar ka goge hotunan banzan, matsar da su kawai.

Sa suna

Nan ne ake rabuwa biyu, kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ita ake so a ji ba. In bayan tsincewa abun da ya rage maka hoto 2,000 ne ko 3,000, zauna ka sa musu suna da hannunka. Akwai manhajar Timelapse ta Saul Greenberg na jami'ar Calgary a Kanada, kyauta ce, ta Windows, tana karanta sakamakon MegaDetector ta nuna maka akwatunan, kana danna suna kana wucewa. Ƴan kwanaki ka gama kuma ka san abun da ke hannunka. Ba kowane aiki ne yake buƙatar mataki na gaba ba.

In kuma sun yi yawa, toh sai a kira model mai faɗin iri. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi faɗi shi ne SpeciesNet na Google, sun sake shi kyauta a watan Maris na 2025, an horar da shi da hoto sama da miliyan 65, yana da suna sama da 2,000, kuma shi ne ke aiki a dandalin Wildlife Insights tun 2019. Kana iya ɗora hotunanka a wancan dandalin, amma ɗora hoto dubbai da forfe ɗinmu ba wasa bane, gara ka sauke shi ya yi aiki a ordinater ɗinka. Wanda ya ɗan iya Python zai girka shi da layi ɗaya, pip install speciesnet, ya nuna mishi dosiyen. Yana karɓar lambar ƙasa don ya cire dabbobin da basu kamata su fito a wurin ba, kuma a nan a kula: ta Nijar NER ce, NGA ta Najeriya ce, harafi kaɗan ne amma jerin dabbobin ba ɗaya bane. Wani halin kirki da yake da shi, in bai tabbata da iri ba yakan ja baya ya ce dangin kare ne, ko tsuntsu ne, ko dabba ce kawai. Kar ka ji haushin wannan, amsa ce ta gaskiya.

Cikin AddaxAI akwai wasu model na yankuna daban-daban, harda na hamadar Namibiya, kuma mutum zai ce ai hamada hamada ce. A'a. Wancan in ya ga barewarmu sunan barewar kudancin Afirka zai baka, da maki mai tsoka kuwa, saboda mafi yawan model basu da inda zasu ce ban san wannan ba, dole su zaɓa cikin sunayen da suke da su. Don haka maki 0.95 ba yana nufin gaskiya ce kashi 95 ba, yana nufin cikin abun da ya sani wannan ya fi kusa.

Jarraba shi da hotunanka

Wannan shi ne zuciyar aikin. Kafin ka kalli amsar na'urar, ware hoto kamar 500 masu dabba daga kamarori daban-daban, dare da rana, rani da damina in kana da su, ka sa musu suna da kanka. Inda kake shakka ka nemi wanda ya san dajin, tsohon ma'aikacin gandun daji ko makiyayin da ya tashi a wurin, su daga tafiyar dabba da tsayuwarta suke gane ta. Wanda kowa ya kasa ka rubuta ba a gane ba, kar ka tilasta mishi suna. Bayan nan sai ka jera amsarka da ta na'ura a Excel ka yi tebur, layuka abun da yake na gaskiya, ginshiƙai abun da na'ura ta ce.

Kar ka tsaya a jimillar kashi nawa ta ci, wannan lambar mayaudariya ce. A ce cikin hoto 1,000 guda 900 awaki ne, model ɗin da ke cewa akuya ga komai zai ci kashi 90 alhali bai gane barewa ko guda ba. Tambaya biyu zaka yi ma kowace dabba ita kaɗai. Ta farko, duk inda ta ce barewa, nawa ne barewar gaske? Ta biyu, cikin barewar gaske da ke nan, nawa ta kama? Zaka ga wani iri ta ci duka biyun, kamar raƙumi da jaki da mutum, waɗannan ka bar mata su, ka dinga ɗan leƙawa jefi-jefi. Wani iri kuma zaka ga tana cuɗa su, kuma kusan kullum wuraren nan ne: jar akuya daga nesa da barewa, karen makiyaya da dila, kyanwar gida da ta daji, sai yanyawan nan uku da dare. Hoton dare fari da baƙi ne, launi ya tafi, kai kanka abun da zaka kama shi ne girman kunne da bakin wutsiya, ta Rüppell ƙarshen wutsiyarta fari ne, sauran biyun baƙi. In wutsiyar bata fito ba ka tsaya a Vulpes kawai, ba abun kunya bane.

Dokar da nake ba kowa ita ce duk hoton da na'ura ta kira da sunan dabba mai wuyar samu sai ido ya gani, ko makinshi nawa ne. Haka duk mai ƙaramin maki. Haka ma ka dinga leƙa tarin da ta kira akuya da tunkiya, don in barewa zata ɓace can zata ɓace.

In kana so ka horar da naka

Bayan shekara ɗaya ko biyu kana sa suna da hannu zaka tarar kana da dukiyar da babu ita a intanet, hotunan dabbobin yankinmu masu suna na gaskiya. Toh a nan horar da model naka ya fara ma'ana. Ba daga sifili ake farawa ba, ana ɗauko wanda ya riga ya koyi ganin siffofi daga miliyoyin hotuna, irin MobileNet ko EfficientNet ko ResNet, a ƙara mishi karatu da naka. Don gwaji, Teachable Machine na Google ya isa, a shafin intanet yake, ka buɗe aji ga kowace dabba ka zuba hotuna ka danna horo. Don aiki na sosai sai Google Colab, inda ake ara maka inji mai ƙarfi na wasu awowi kyauta, amma sai kana da rezon da baya yankewa.

Kar ka bashi cikakken hoto, bashi yankakken akwatin da MegaDetector ya zana, AddaxAI tana yanko su da kanta. Dalili kuwa na'ura maƙiyar wahala ce, in duk hotunan ragon dutse a gaban wani baƙin dutse aka ɗauke su, dutsen zata koya ba ragon ba. Ka nemi aƙalla ƴan ɗaruruwa ga kowane iri, waɗanda basu kai ba ka haɗa su aji ɗaya ka kira shi sauran, su ido zai gani. Awakin da suka yi dubbai ka rage su don kar su danne kowa.

Sai babban tarkon da ke kama har masu digiri: rabon hotunan karatu da na jarrabawa. In ka gauraya duka ka raba barkatai, hoto na 1 cikin ukun nan da kamara ta ɗauka a jere zai faɗa karatu, na 2 ya faɗa jarrabawa, dabba ɗaya, wuri ɗaya, daƙiƙa ɗaya. Kamar ɗalibin da ya ga takardar jarrabawa tun daren jiya ne, zai ci kashi 99 ka yi ta murna, ranar da ka kai kamara sabon wuri sai ya zube. Raba da kamara: in kana da 20, ka ware 4 ko 5 gaba ɗayansu, hotonsu ko guda kar ya shiga karatu, da su kaɗai zaka auna. Lambar da zata fito zata yi ƙasa, amma ita ce ta gaske. Haka kuma model da ya yi karatu da hotunan rani ka sake auna shi in damina ta sauka, daji ya canza launi, ciyawa ta rufe ƙafafun dabbobi.

Mutane da wurare

Kamararka zata ɗauki makiyaya, mata masu itace, yara masu kiwo, kuma ba wanda ya basu labari. Kafin ka kafa ka je wurin mai gari da ofishin gandun daji, a san da ita, wannan ma shi ke hana a kwance ta ko a fasa ta. Gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000 ba wurin da mutum zai shiga da kanshi bane, sai da izini kuma tare da masu kula da shi. Hotunan da MegaDetector ya ce mutum ne ka ware su, kar su shiga Facebook, kar su shiga rahoto.

Na dabbobin kuma, hoton waya da na wasu kamarori yana ɗauke da lambobin GPS a ɓoye. In ka samu mena ko adaks ko sheƙar ungulu a duwatsun Kutus, sa hoton a fili da wurinshi daidai yake da nuna ma maharba hanya. Ka cire bayanan da manhajar ExifTool kafin ka raba, ka duba kuma kar wani sanannen dutse ko rijiya a bayan hoton ya tona wurin, a rahoto ka tsaya a sunan yanki.

Wanda waya kawai gare shi

Kai ma da naka. Merlin, manhajar waya ta jami'ar Cornell, yana gane tsuntsu daga hoto, ka sauke kunshin yankinmu tun kana gari sai ya yi aiki ba rezo, ka gwada shi a tafkin Gidimuni ko na Lasuri lokacin sanyi da baƙin tsuntsaye ke sauka daga Turai. Seek, wata manhajar waya mai gane dabbobi da tsirrai, shi ma yana aiki ba intanet. iNaturalist kuma, dandalin da ake ɗora hotunan dabbobi da tsirrai, na'ura ce ke fara ba da shawara sannan mutane su tabbatar, sai sama da kashi biyu cikin uku sun yarda kafin a ɗauke shi na bincike, kuma yana ɓoye ainihin wurin dabbobin da ke cikin haɗari. Hotunan da aka tabbatar a can da su ake ƙara horar da model ɗinsu, don haka shamuwa da tuji da damo da kunkurun da ka ɗora daga Mirriya ko Gure ko Tanut suna cike gurbin da ya daɗe a buɗe. Ka yanke hoton dabbar ta cika shi kafin ka tambaya, ka ɗauka ta fuska biyu ko uku in ta tsaya.

Wajen rubuta rahoto

Yawan hoto ba yawan dabba bane. Dila ɗaya da ya kwanta gaban kamara awa guda zai baka hoto 200. Abun da aka saba shi ne a haɗa hotunan iri ɗaya a kamara ɗaya da basu kai minti 30 tsakaninsu ba a matsayin ziyara guda, sannan a raba yawan ziyara da yawan kwanakin da kamarar ta yi tana aiki da gaske, ba kwanakin da ta yi a rataye pil ya mutu ba, wanda hoton ƙarshe zai nuna maka. Ko wannan ɗin ma ba ƙidayar kai bace, alama ce ta yawan gilmawa. In so kake ka san ɗaiɗaikun dabbobi sai masu zane a jiki, kamar raƙuman dawan Kure da waɗanda aka kai Gadabeji a 2018, su kowane da zanenshi kuma da shi ake bambance su, barewa kuwa bata da wannan. A cikin rahoton ka rubuta sunan model ɗin da lambarshi, shingen da ka sa, hoto nawa ido ya duba, da teburin nan na jarrabawa iri-iri, sannan a teburin sakamakon kanshi ka ƙara ginshiƙi ɗaya da ke nuna wane suna ne na'ura ta bayar wane ne mutum ya tabbatar.